Ma'aunin Maganar Baƙo

Wanda ya sauka Birtaniya da niyyar zama ba ya daɗewa yake gane cewa Turancin da ya zo da shi ba a karɓarsa da baki, sai an auna. Matar da za ta biyo mijinta sai ta kawo shaidar ta kai matakin A1 tun kafin a buga mata biza. Tun watan Nuwamban 2010 ake kan wannan ƙa'ida. Bayan shekara biyu da rabi, in ta zo sabunta takardunta, A2 za a nema. In shekara biyar ta cika tana neman izinin zama na dindindin, sai B1. Waɗannan haruffa da lambobi daga wani tsari mai hawa shida suka fito, A1 zuwa C2, wanda Majalisar Turai ta wallafa a 2001, yau kuma ya zama abin da ake raba iyali ko a haɗa su da shi.

Nas kuwa nata lissafin daban ne. Hukumar rajistar nas-nas da ungozomomi ta ƙasar, NMC, tana son maki 7 cikin 9 a jarrabawar IELTS a sauraro da karatu da magana, da 6.5 a rubutu, ko kwatankwacin haka a OET, wadda aka tsara musamman don ma'aikatan lafiya. Kafin ta kawo wannan sakamako, komai yawan shekarun da ta yi tana ƙarin ruwa da ɗinkin rauni a ƙasarta, mataimakiya ce.

Yawancin masu shirin jarrabawar suna zaton kalmomi ne suka yi musu ƙaranci. Sai ka ga mutum ya sayi littafi, ya cika waya da darussa, yana haddar sababbin kalmomi a cikin bas a hanyarsa ta zuwa aiki. Ba na raina wannan ƙoƙari, don wanda ba shi da kalma ba shi da abin faɗi. Amma mutanen da na zauna da su suna wannan shiri, musamman waɗanda suka yi boko da Turanci tun daga firamare har jami'a, ciwonsu ba a nan yake ba. Abin da ke kayar da su wata irin mu'amala ce da magana wadda ba su taso da ita ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu cewa ita ake aunawa.

An fi ganin haka a sashen karatu na IELTS. Minti 60, tambaya 40. A cikin tambayoyin akwai wani nau'i da ya yi ƙaurin suna: a ba ka jimla, a ce ka zaɓi ɗaya cikin uku, ko ta dace da abin da rubutun ya ce, ko ta saɓa masa, ko kuma rubutun bai ce komai a kai ba. Na ukun nan shi ne ramin da ake faɗawa.

Wata nas da ta daɗe a sashen yara na wani asibiti a arewacin Nijeriya, yanzu tana aikin dare a gidan kula da tsofaffi a arewacin Ingila, tana gwada kanta a teburin kicin. Ƙanwarta, wadda ta riga ta zuwa ƙasar, ita ke riƙe da takardar amsa. Rubutun kan gidan sauro ne da yadda ake rarraba shi a ƙauyuka. Jimlar ta ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kashewa. Ko numfashi ba ta ja ba ta rubuta cewa gaskiya ne.

"Yaya, ba haka ba ne. Amsar ita ce ba a faɗa ba."

"Ba a faɗa ba kamar yaya? Ke, yara nawa suka cika a hannuna da damina?"

"Na sani, Yaya. Amma nuna min layin da mutumin ya ce haka."

Ta bi rubutun da bakin biro, ta sauka, ta sake hawa. An ambaci yara, an ambaci masu juna biyu, an ambaci ruwan da ke kwanciya a bayan gida. Babu inda aka ce wa ya fi mutuwa.

"To ai kowa ya sani."

"Ba abin da kowa ya sani suke tambaya ba, Yaya. Abin da shi ya ce suke tambaya."

A wurinmu mai hankali shi ne wanda ba sai an ƙarasa masa magana ba. Tun yaro yana ƙarami uwarsa za ta kalle shi a gaban baƙi, ya tashi ya ba da wuri ba tare da an ce masa uffan ba. In kun je neman aure aka ce ku koma za a yi shawara, in ka nemi alfarma wurin attajiri ya ce bari mu ga abin da Allah zai yi, in dattijo ya ɗauko labarin wani yaro a wani gari alhali kai ne zaune a gabansa, ka san saƙon da aka ba ka, ko da babu kalma ɗaya da ta furta shi. Habaici da gugar zana da hannunka-mai-sanda duk sun dogara ne da cewa mai sauraro zai kawo rabin ma'anar daga wurinsa. Wanda sai an fito masa fili kafin ya gane, kallon dolo ake yi masa. Nas ɗin nan ba ta yi kuskuren Turanci ba. Ta yi abin da tarbiyya ta koya mata, ta cika giɓin da mai magana ya bari, sai aka cire mata maki ɗaya. Kuma maki ɗaya ba ƙaramin abu ba ne inda ake bukatar wajen 30 cikin 40 kafin a kai 7.

Wannan fahimtar juna tana yiwuwa ne saboda mai magana da mai sauraro sun san juna. An san ɗan wane ne kai, an san abin da ya faru tsakanin gidajenku bara, an san irin muryar da kake yi in ranka ya ɓaci. A kasuwar garinku ana ba ka kaya bashi don an san ƙofar gidanku. A baƙuwar kasuwa kuwa kuɗi hannu ne. Haka maganar baƙo take. Ba asali da zai tsaya mata, ba maƙwabcin da zai ce ai abin da yake nufi ke nan. Abin da ya fito daga bakinsa shi kaɗai za a lissafa masa, shi ma kuma abin da aka rubuta masa kaɗai zai iya riƙewa hujja.

Shi ya sa, duk da takaicin da tambayar nan take jawowa, ni ina ganin tana cikin abubuwa mafiya amfani da baƙo zai koya. Rayuwarsa ta farko a ƙasar nan takardu ne: yarjejeniyar haya, wasiƙar ma'aikatar cikin gida, kwantiragin aiki, takardar da ke cikin kwalin magani. Mai gida ya ce zai gyara injin ɗumama ɗaki, ya faɗa da fara'a har da dafa kafaɗa, amma ba a sa shi a yarjejeniya ba. Wasiƙa ta ce an karɓi takardunka, kai kuma ka karanta cewa an amince. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗi da wa'adi a tsakanin abin da takarda ta ce da abin da suka tabbata tana nufi. Wanda ya horar da idonsa ya tsaya inda rubutu ya tsaya, ya tsira daga irin wannan.

Sai dai da an shiga ɗakin magana, al'amarin ya juye. Minti 11 zuwa 14 ne, kai da mai jarrabawa da na'urar naɗar murya. Ba sannu da zuwa, ba ya hanya, ba ina iyali; zai faɗi sunansa, ya nemi fasfonka, ya shiga tambaya. A tsakiya zai miƙo maka kati da fensir, ya ba ka minti ɗaya ka yi tunani, sannan ka yi magana kai kaɗai har minti biyu: kwatanta wani gini da ya burge ka, ko wata kyauta da ka taɓa bayarwa, ko ranar da ka makara. Abu huɗu yake sa wa maki, kowanne da nauyi ɗaya: yadda maganar ke gudana a haɗe, yalwar kalmomi, nahawu, da furuci. Gaskiyar abin da ka faɗa ba ta cikin huɗun. Malaman da ke shirya mutane suna faɗa ba ɓoye-ɓoye cewa in ba ka da labari ka ƙirƙiro.

Na ga dattijon da wannan ya tsaya wa a rai. An tambaye shi a gwaji ya kwatanta wani gidan tarihi da ya taɓa ziyarta, ya ce bai taɓa zuwa ba, ya yi shiru yana jiran tambaya ta gaba. Ya faɗi gaskiya da Turanci mai kyau, a jimla ɗaya, kuma jimla ɗaya ba ta isa a auna komai ba. Da aka ce masa ya shirya labari, sai ya tambaya ko ba ƙarya ke nan ba. Tambayar ba ta wasa ba ce, kuma ban ga dalilin yi mata dariya ba. Mafitar da ta fi kwanta masa ita ce ya ce bai taɓa zuwa ba, ya faɗi dalili, ya kawo wurin da ya fi kusa da haka a rayuwarsa, ya kwatanta shi, ya faɗi abin da yake zaton zai gani in ya je. Wannan karɓaɓɓe ne, har ma ya fi ƙirƙira daɗin ji. Amma sai ya yarda ya yi abin da bai saba ba, wato ya ci gaba da magana bayan ya gama amsa tambaya.

Nan kunya da kawaici suke shigowa. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Shirun da mutum ke yi kafin ya amsa, a zaure alamar natsuwa ce; a ɗakin jarrabawa in ya yi yawa, in-ina ce ake rubutawa. Mata ma abin ya fi yi musu nauyi. Wata uwa tana shirin jarrabawar B1 ta wata hukumar jarrabawa mai suna Trinity, hirar minti goma ce da baki kawai, ɗanta ɗan sakandare yana yi mata mai jarrabawa a falo. Ya tambaye ta da Turanci sunan mijinta da na babban ɗanta. Ta kau da kai.

"Umma, ki faɗi sunan Abba mana. In sun tambaya fa?"

"Kai, ba ka da ta ido? A gabanka zan kama sunansa?"

"To ki ɗauka ni Bature ne."

"Baturen ma sai in ce masa maigidana. Ai ya gane."

Ya gane ɗin kuwa, kuma da wuya ya matsa sai ta faɗi suna. Amma hirar duka a kan kanta za a yi ta: me take so, me ya sa take so, me ta yi jiya, me za ta yi baɗi. Matar da ta shekara arba'in ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya tambaye ta wane launi ta fi so da dalilin haka, yanzu zamanta da 'ya'yanta ya rataya a kan ta amsa irin wannan ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Da mutum ya ji haka, abin da zai fara zuwa masa shi ne hadda, don a nan muka fi ƙarfi. Sai ya rubuta amsoshi masu kyau, ya zuba su a ka. Masu jarrabawa kuwa an horar da kunnensu a kan wannan: murya takan sauya in an hau karatu, ido ya tafi sama, sai su katse ka da wata tambaya ta gefe, nan take ginin ya rushe. Haka dogon Turanci, wanda a gida ake tafa wa mai shi a taro. Babbar kalmar da aka sa inda ba wurinta ba rage maki take yi. Abin da ya fi amfani ba shi da armashi: ka naɗi muryarka a waya kana magana minti biyu, ka saurara, ka ji inda kake tsayawa da inda kake maimaita kanka, gobe ka sake. Lafazin Hausa a bakinka ba laifi ba ne a ƙa'idarsu matuƙar ana gane ka, sai dai wanda ke haɗa sautin p da f ya zauna ya raba su, don akwai kalmomin da wannan kaɗai ya bambanta.

A IELTS, rubutu shi ne ya fi riƙe mutane. Aiki biyu cikin awa ɗaya, na farko aƙalla kalma 150, na biyu 250, kuma na biyun ya ninka na farko a maki. Za a ba ka batu a ce ka faɗi ra'ayinka, kuma ana so tun a sakin layi na farko a san inda ka tsaya. Mu kuwa mai iya magana yakan zagaya, ya kawo misali, ya ba kowane ɓangare haƙƙinsa, sai a ƙarshe ya sauke hukunci, don kada a ce ya yi gaggawa. Matsalar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Nas-nas daga ƙasashe da dama sun yi ta cin sauran sassa uku suna maƙalewa a nan, har a ƙarshen 2018 NMC ta sauko da makin rubutu daga 7 zuwa 6.5.

Sashen sauraro kuwa sau ɗaya ake kunna shi, ba ƙari. Muryoyin ma ba na Ingila kaɗai ba ne, akwai na Ostareliya da na Arewacin Amurka. Mai magana zai ce taron ranar Talata ne, ka rubuta, sai ya ce a'a, an ɗaga zuwa Laraba. Da gangan aka shirya haka. Zai karanta haruffan sunan titi ɗaya bayan ɗaya, in harafi ɗaya ya kuɓuce maka amsar ta tafi. Ɗan Nijar da ya yi makaranta da Faransanci yana da nasa tarkon a nan, don yadda ake kiran G da J a Faransanci kusan a juye yake da na Turanci.

Duk wannan ba ya nufin ma'aunin tsarkakakke ne. Jarrabawar harshe a bakin iyaka tana da tarihin da ba a alfahari da shi. A 1901 Ostareliya ta kafa dokar da ta ba jami'in shige da fice damar yi wa baƙo shifta ta kalma 50 da duk harshen Turai da ya ga dama, don a kori wanda ba a so ba tare da an ambaci launin fata ba. A 1934 aka so hana wani ɗan jarida na birnin Prague, Egon Kisch, shiga ƙasar. Da yake ya iya harsunan Turai da yawa, sai aka yi masa shiftar da Gelik na mutanen Sikotilan. Babbar kotun ƙasar ta soke hukuncin, amma shiftar ba ta bar doka ba sai 1958. IELTS, wadda aka fara a 1989 a hannun British Council da IDP ta Ostareliya da Cambridge, ba irin wannan ba ce. Tana auna abin da ta ce tana aunawa. Amma wanda ke yanke makin da za a nema, da wanda za a nema daga gare shi, ɗan siyasa ne. A watan Mayun 2025 gwamnatin Birtaniya ta fitar da takardar manufa da ta ce za a ɗaga matakin ƙwararrun ma'aikata da na masu neman zaman dindindin daga B1 zuwa B2. Turancin baƙi bai lalace a wannan wata ba, lissafin zaɓe ne ya motsa.

Akwai kuma jerin ƙasashen da aka yafe wa 'yan ƙasarsu jarrabawar, irin su Amurka da Kanada da Jamaika da Barbados. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. A 2022 wata ƙungiyar matasan Nijeriya, Policy Shapers, ta tara sa hannun dubban mutane tana neman a gyara wannan, ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya ta amsa cewa sai an nuna fiye da rabin al'ummar ƙasa da Turanci suka buɗe baki. Na fahimci fushin matasan: mutum ya yi digiri biyu da Turanci, a ce ya biya wajen fam 200 ya tabbatar ya iya, bayan shekara biyu kuma sakamakon ya mutu kamar ana manta harshe a wata ashirin da huɗu. Amma Bahaushe mai adalci zai yi wuya ya rantse cewa amsar ma'aikatar ƙarya ce. Ya san da harshen da ake ciniki a Kantin Kwari, ya san da wanda ake wa'azi da shari'ar gado da rarrashin yaro. Ƙorafin da ya fi ƙarfi a ganina shi ne na tsada da gajeren wa'adi, da kuma auna mutum da ƙasarsa maimakon karatun da ya yi. An ɗan sassauta a 'yan shekarun nan da aka ba da damar sake sashe ɗaya kaɗai cikin kwana 60, ko da yake ba kowace hukuma ke karɓar hakan ba.

Abin dariyar shi ne, Turawan Ingila kansu gwanayen zagaye-zagaye ne. In shugabarka a wurin aiki ta ce wataƙila za ki so ki sake duba wannan, umarni ne ta ba ki. In aka ce shawararka tana da ban sha'awa, sau da yawa an binne ta ke nan. Jarrabawar ba ta tambayar wannan, kuma nan ne kunnen da aka raina da habaici yake da riba. Nas ɗin nan ta teburin kicin, da ƙarfe ukun dare tana zagayen ɗakuna, ta tarar da wani tsoho zaune a bakin gado. Ta tambaye shi lafiya, ya ce ba laifi, ɗan nauyi ne kawai yake ji a ƙirji, kada ta damu kowa saboda shi. Ta dubi gumin da ke goshinsa cikin sanyin Janairu, ta dubi yadda ya riƙe hannun hagu, ta danna ƙararrawar gaggawa tun bai rufe baki ba. A takardar rahoto ta rubuta abin da ya ce daidai yadda ya faɗa, a ƙasa kuma ta rubuta abin da ta gani. Maganin da ya kamata a ba shi ta san sunansa da adadinsa, amma makullin kabad ɗin yana hannun nas mai rajista da ke hawa na ƙasa, ita kuwa makinta na rubutu har yanzu 6 ne.